Wai "compound" ɗin nan kalma ɗaya ce ko kalmomi ne da yawa?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu Turanci a taimaka mini. Ni dai a sanina compound gida ne, irin a ce "a share compound" ko "yara su fita su yi wasa a compound". To amma a littafin kimiyyar yarona akwai compound, a takardar banki akwai compound interest, yau kuma na ga jarida ta rubuta cewa ambaliya ta "compounded the hardship" na mutanen wani gari. Me ya haɗa gida da kuɗin ruwa da ambaliya? Kalma ɗaya ce take yawo haka ko kuwa kama suka yi?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Na jaridar nan mai sauƙi ne Hajiya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, shi ke nan ma'anar. Da ma mutane suna cikin wahala, ruwa ya zo ya daɗa dagula lamarin.

Malam_Nahawu:
Baban Khalifa ya yi daidai, bari in ɗan faɗaɗa. Tushen kalmar Latin ne, componere, wato ajiye abubuwa wuri ɗaya ko haɗa su. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci. Danginta su ne component da composition. To daga wannan tushe ne ma'anoni biyu suka fito, ta haɗawa da ta taruwa. In ka haɗa abu biyu suka zama abu ɗaya, compound ne. In kuma abu ya hau kan abu ya ƙara masa nauyi, ya yi compounding ke nan. Wahalar ambaliya ba ta tsaya gefe ita kaɗai ba, ta shiga cikin tsadar abincin da ake fama da ita, gona ta tafi, hanya ta yanke, hatsi ya ƙara kuɗi. Shi ya sa ɗan jaridar bai ce "added" ba. Added ƙari ne kawai, wannan kuwa ƙari ne mai haihuwa.

Sai kuma lafazi. In suna ce, Bature yana danna gaɓar farko. In aikatau ce, gaɓa ta biyu yake dannawa. Mu a nan duk iri ɗaya muke faɗa, kuma ana gane mu.

Sarkin_Gardama:
To ai shi ke nan an gama, gida ma haka ne. Gidan yawa, an haɗa kaka da 'ya'ya da jikoki da matan 'ya'ya a katanga ɗaya. Haɗawa ce, ga kuma taruwa, don kullum ana haihuwa. Ma'ana biyun duk sun hau.

Malam_Nahawu:
Sarki, zancenka ya yi daɗin ji amma ba haka tarihin yake ba. Compound ta gida wata kalma ce daban. Manyan ƙamusoshin Turanci suna mayar da ita ga kalmar Malay, kampung, wato unguwa ko ƙauye ko wuri mai shinge. Turawan fatauci da suka je yankin Malesiya da Indonesiya a ƙarni na 17 su suka ɗauko ta suna kiran wurin da suka kewaye suka gina shagunansu da gidajensu. Bakin Bature ya lanƙwasa ta ta koma kama da kalmar da ya riga ya sani. Har gobe in ka je Kuala Lumpur akwai unguwar da ake kira Kampung Baru.

Sarkin_Gardama:
Malam, ƙamus ɗin ma ai mutum ne ya rubuta. In da babu dangantaka a ma'ana me ya sa bakin Baturen bai lanƙwasa ta ta koma wata kalmar ba sai wannan?

Ɗan_Damagaram:
Ni a makarantar Faransanci na yi karatu, kuma abin da Malam ya faɗa ya zauna mini. Mu a Nijar kuɗin ruwan nan intérêts composés ake ce masa, na kimiyya kuma composé, kun ga dangi ne. Amma gida mai katanga ba wanda zai ce masa composé. Concession muke ji ana cewa. Da asalinsu ɗaya ne da an ga alama a Faransanci, tunda ta nan kalmar ta bi.

Manomin_Kadawa:
Duk kun tafi Latin da Malesiya kun bar wadda take cikin bakinmu. Kamfa fa? Takin kamfa da muke saya kowace damina, daga ina kuke zaton sunan ya fito? Compound ne Bahaushe ya mayar kamfa, kamar yadda urea ta zama yuriya, superphosphate ya zama supa. An kira shi haka ne don abinci uku aka haɗa wa shuka a ciki, N da P da K, wato nitirojin da fosfaras da fotasiyam. Yuriya abu ɗaya ce tak, nitirojin. Kamfa kuwa in ka ga an rubuta 15:15:15 a buhu, kashi goma sha biyar-biyar ne na kowanne cikin ɗari.

Ummu_Sadiq:
Ikon Allah. Mahaifina manomi ne, tun ina yarinya nake jin kamfa, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Injiniya_Gona:
Baba Manomi, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A wurin masu harkar taki ba kowane NPK ne compound ba, ko da yake a kasuwa duk kamfa ake cewa. Na ainihi shi ne wanda aka narka sinadaran aka dunƙule su tare, ta yadda duk ƙwayar da ka ɗauka a buhun tana ɗauke da ukun nan. Ɗayan kuma blend ne, gauraye. Ana kawo ƙwayoyin yuriya daban, na fosfet daban, na fotash daban, a ƙara farar ƙasa don cike awo, a juya su a inji a ɗura a buhu. In ka zuba a tafin hannu za ka ga launi-launi, fari da baƙi-baƙi da ja-ja.

Shirin takin da gwamnatin tarayya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda aka riƙa sayar da buhun 20:10:10 a kan naira 5,500, gauraye ne. Fosfet daga Maroko, fotash daga waje, yuriya da farar ƙasa na gida, a haɗa a masana'antun cikin ƙasa. Ba wai ba shi da kyau ba ne. Matsalarsa dai in girman ƙwayoyin bai zo ɗaya ba, mota ta yi ta jijjiga shi daga masana'anta zuwa ƙauye, ƙananan sai su gangara ƙasan buhu. Wanda ya ɗebi na sama ya zuba wa kunya goma na farko bai ba su abin da ya ba na ƙarshe ba. Shi ya sa nake ce wa manoma su juye buhun a kan leda su cakuɗa kafin su fara.

Manomin_Kadawa:
Wannan gaskiya ne ɗana. Mu mun daɗe muna yi ba tare da mun san dalilin ba, mun dai ga masara tana fitowa wata kore shar wata ɗorawa-ɗorawa a gona ɗaya.

Malama_Kimiyya:
Abin da Injiniya ya kwatanta ya yi kusa da abin da nake fama da 'yan aji huɗu a kai duk shekara, kuma shi ne yaronki yake haddacewa, Ummu Sadiq. Bambancin mixture da compound. In kika zuba gero da wake a kwarya ɗaya, gauraya kika yi. Gero yana nan gero, wake yana nan wake, in kin ga dama ki zauna ki tsince. Amma gishirin miya fa? Sodiyam ne da kulorin. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi wanda in ya taɓa ruwa zai iya kamawa da wuta. Kulorin iska ce mai guba, har yaƙi an yi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Suka haɗu suka zama abin da ba ma iya cin tuwo sai da shi. Ba halin uwa ba na uba, sabon abu ne, kuma ba a raba su da tsinta ko tankaɗe. Ruwa ma haka, haidurojin mai ci da wuta da iskar oksijin mai rura wuta, suka ba mu abin kashe wuta.

Sai dai in ƙara wa Injiniya, a ma'aunin ajinmu ko kamfan nasa na ainihi mixture ne, don gishirori daban-daban ne aka dunƙule a ƙwaya ɗaya. Masu taki da masu kimiyya kowa da yadda yake amfani da kalmar. Kar yaro ya je jarrabawa ya rubuta NPK a matsayin misalin compound, zai faɗi.

Injiniya_Gona:
Malama, a aji ke ce da gaskiya, a kasuwar taki kuma ni ne.

Ɗan_Kwari:
Ku bar zancen taki ku zo kan na bankin nan, shi ne mai kashe mutum yana tsaye. Wani yarona a kasuwa ya ci bashi a wata manhajar waya, bai iya biya a kan lokaci ba, kafin ya farga kuɗin ya kusa ninkawa, suna ta kiran mutanen da suke cikin wayarsa suna ci masa mutunci. Ni har yanzu ban gane yadda lissafin yake hawa haka ba.

Akanta_Zazzau:
Alhaji, bari in buga maka misali, ba da kuɗin yaronka ba tunda ban ga takardarsa ba. A ce mutum ya ranci naira 100,000, ruwa kashi 10 cikin ɗari duk wata. In ruwa ne na kai tsaye, wanda suke kira simple interest, duk wata 10,000 ce ke hawa. Shekara ta zagayo ruwa ya zama 120,000, a haɗa da uwar kuɗi 220,000.

In kuma compound ne, ruwan da ba a biya ba yana shigewa cikin uwar kuɗi, shi ma ya fara haifar nasa. Watan farko 110,000. Wata na biyu ba a kan 100,000 za a lissafa ba, a kan 110,000 ne, ya zama 121,000. Na uku 133,100. Da farko bambancin ba ya tsorata mutum, dubu ɗaya, dubu uku. Amma a wata na goma sha biyu ana binsa 313,843. Kusan dubu casa'in da huɗu ke nan a kan na farkon.

Akwai dabarar da muke amfani da ita da ka, ana kiranta ƙa'idar 72. Ka raba 72 da yawan ruwan, abin da ya fito shi ne kusan lokacin da kuɗin zai ninka. Kashi 10 a wata, wata bakwai da 'yan kwanaki. Su kuma masu manhajojin nan wasunsu ba wata suke ba mutum ba, sati ɗaya ne ko biyu, ga tarar jinkiri da ake ɗorawa kullum.

Ustaz_Abu_Maryam:
Subhanallah. Ai wannan ita ce ribar jahiliyya da ƙafarta. In lokacin biya ya yi mai bashi ya zo ya ce ko ka biya ko ka ƙara, a ɗaga maka lokaci a ɗora maka kuɗi, shekara ta zagayo a sake. A kanta aya ta 130 cikin Suratu Ali Imrana ta yi hani da cin riba ninki-ba-ninki. Amma ina jan hankali, kar wani ya karanta lissafin Akanta ya ce to ashe na kai tsayen ba laifi. Ayoyin ƙarshen Baƙara, daga 275 zuwa 279, ba su ware kaɗan ko mai yawa ba, uwar kuɗinka kawai aka ce naka ne.

Akanta_Zazzau:
Haka ne Ustaz, ni lissafi na nuna ba fatawa na bayar ba. Kuma shi wannan hawan ba a bashi kaɗai yake ba. Tsadar kaya ma haka take tafiya. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. In aka tafi a haka shekara biyu da 'yan watanni, kayan naira dubu sun koma dubu biyu, don ƙarin bana a kan farashin bara yake hawa ba a kan na bariya ba. Wannan ne ma ya sa in aka ce a rediyo hauhawar farashi ta sauka mutane suke jin haushi, su ce ƙarya ne ba abin da ya sauka a kasuwa. Ba farashin ne ya sauka ba, gudun hawansa ne ya ragu.

Hajiya_Mai_Adashi:
To mu masu adashi ina muka tsaya? Abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba ƙari ba ragi.

Akanta_Zazzau:
Adashi tari ne Hajiya, ba ya haihuwa. Mai kwasar farko ya fi mai kwasar ƙarshe morewa, don kafin zagaye ya zo kansa kaya sun tashi.

Anti_Larai:
Ni fa ban yarda a bar kalmar nan a hannun masu cin riba kaɗai ba. Kakata ba ta taɓa shiga banki ba amma ta san wannan lissafin. Akuya ɗaya ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye. Mazan ta sayar da salla, matan ta bari. 'Ya'yan suka girma suka fara haihuwa uwar ma ba ta daina ba. Da awakin nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Ɗan kasuwar da yake mayar da ribarsa cikin jari maimakon ya cinye shi ma abin da yake yi ke nan. Halal tsantsa.

Ustaz_Abu_Maryam:
Wannan kam ba magana Anti. Akuya tana iya mutuwa, kaya suna iya yin kwantai, mai su ya ɗauki kasada. Mai ba da bashi da ruwa shi ba ruwansa da asara.

Nas_Bilki:
Sallama jama'a, na zo a makare. Namu na asibiti ba wanda ya ambata, kuma shi ne wanda rashin saninsa yake sa a rasa ƙafa. Compound fracture. Mutane da yawa, har da masu boko, suna zaton ƙashin da ya farfashe gida-gida ne. A'a, wannan comminuted ake ce masa. Compound ita ce karayar da ta haɗu da buɗaɗɗen rauni, ko ƙashin ya huda fata ya leƙo, ko ciwon ya nutsa har ya kai ga ƙashin. Yanzu ma likitoci sun fi cewa open fracture don kauce wa ruɗanin.

Don Allah irin wannan ba ta mai ɗori ba ce. Ƙasa da datti sun riga sun shiga, in aka tura ƙashin ciki aka ɗaure da kara da tsumma an rufe ƙwayoyin cuta ne a ciki. Ana bukatar wanke ciwon a ɗakin tiyata, da allurar tetanus, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri. Ku rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, ku tallafe ƙafar kar ta motsa, ku nufi babban asibiti. Na kusa da Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan.

Baban_Khalifa:
Ashe karin maganar da na kawo ta targaɗe da karaya ta faɗo gidanta.

Sarkin_Gardama:
Nas, masu ɗorin nan fa tun kafin a gina Dala suke gyara mutane.

Nas_Bilki:
Ban ce ba su iya komai ba Sarki. Na ce in fata ta buɗe a tafi asibiti. Mu muke karɓar waɗanda aka kawo bayan sati biyu ƙafa ta yi baƙi tana wari.

Alhaji_Zangon_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ku dawo kan tambayar baiwar Allah nan ta gida. Mu a nan compound house sunan wani irin gini ne sananne, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida, ƙofar shiga ɗaya, banɗaki da madafa na kowa da kowa. A zango-zangon Kumasi da Nima ta Ankara yawancinmu a irinsu muka tashi, kuma ba lalle dangi ba ne, haya ce. Ɗaki ɗaya Bahaushe, na gaba Bagobiri ɗan Nijar, na kusa da shi Dagomba ko Mosi. In aka ce mutum ya bar compound house ya koma self-contained, to ya samu ke nan.

Malam_Nahawu:
Alhaji ka tuna mini. Kalmar ba ko'ina take da daɗin ji ba. A Afirka ta Kudu, tun shekarun 1880 a mahaƙar lu'ulu'u ta Kimberley, compound shi ne sansanin da ake kulle baƙaƙen leburori ba shiga ba fita har kwantiraginsu ya ƙare, wai don kar su saci dutse. A Amurka kuma in 'yan jarida suka ce compound, ko dai gidan manya ne mai gine-gine da yawa irin na zuri'ar Kennedy, ko maɓoya mai doguwar katanga. Gidan da aka kashe Usama bin Laden a Abbottabad a 2011 da wannan sunan kafafen labarai suka yi ta kiransa. Mu ne dai muka mayar da ita tsakar gida da ake shanya da wanke-wanke.

Lauyan_Unguwa:
Ga wata kuma da za ta ƙara rikita ku. A shari'a, compounding an offence ba ƙara laifi ba ne kamar yadda za ku zata daga misalin ambaliya. Sasantawa ce, a karɓi wani abu a bar maganar gurfanarwa. Sashe na 14(2) na dokar EFCC ta 2004 ya ba hukumar damar yin haka da wanda ake zargi ta hanyar karɓar kuɗi. Amma kai ɗan gari, in aka yi babban laifi ka karɓi kuɗi a ɓoye don ka rufe bakinka, kai ma ka aikata laifi.

Ɗan_Kwari:
Wato babba in ya yi sulhu ne, talaka in ya yi laifi ne. Mun gode Barista.

Lauyan_Unguwa:
Ba haka na ce ba Alhaji, amma ba zan yi musu da kai a bainar jama'a ba.

Ɗalibar_Hausa:
Malam Nahawu, a darasinmu compound noun shi ne harɗaɗɗen suna ko? Irin su gidan sauro da jan ƙarfe?

Malam_Nahawu:
Shi ne 'yata. Kuma Hausa ta fi Turanci gwaninta a nan, don mu jimla sukutum muke mayarwa suna. Faɗi-ka-mutu, a-kori-kura, hana-salla, bar-ni-da-mugu, ka-ce-na-ce, dafa-duka. Ki lura ma'anar ba ta tsaya ga kalmomin da aka haɗa ba. Barkonon tsohuwa ba barkono ba ne kuma ba tsohuwar da ta daka shi, 'yan sanda ne suke harba shi.

Sarkin_Gardama:
Ni dai har yanzu ina kan bakata. Ko daga Malesiya ta zo, da ta iso nan ta tarar da gidan gandu ta zauna daram, don haɗawa ake a taru. Wanda ya ce ba dangantaka ya zo gidanmu ranar suna ya ƙirga kawuna.

Ɗan_Damagaram:
Sarki, gidan gwauro mai katanga shi kaɗai a ciki, shi ma ai compound ake ce masa. Wa aka haɗa a nan?

Sarkin_Gardama:
Shi wannan bai cika sharaɗi ba, ku taya shi neman aure.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara sani. Malama Kimiyya, yaron ya ce in tambaye ki, kanwa fa, compound ce ko mixture?

Malama_Kimiyya:
Ta kasuwa mixture ce, don akwai gishirori iri-iri a ciki har da ƙasa da yashi, shi ya sa ake jiƙa ta a tace. Amma babban sinadarin da yake sa ta laushin wake, sodiyam kabonet, shi compound ne. In an tambaye shi misali a jarrabawa ya tsaya a kan ruwa da gishiri, kar ya jawo wa kansa.